Da gaske tattaki da jawabi kaɗai suka karya wariyar launin fata a Amurka?

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ganin tsofaffin hotunan baƙaƙen fatar Amurka suna tattaki a titi 'yan sanda suna jibgarsu, na kuma kalli jawabin Martin Luther King na birnin Washinton. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan ba bindiga gare su ba, ba ƙuri'a, kuma su ne 'yan tsiraru. To ta yaya fitowa titi kawai ta sa aka canja doka? Tausayinsu Turawan suka ji, ko akwai abin da ba a gaya mana?" Wani ɗalibi daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, so kake ka san daga ina ƙarfin tattakin nan ya fito, tunda masu yin sa hannunsu ba komai. Na shafe shekaru ina koyar da tarihin Amurka, kuma kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya jefo mini irin wannan tambaya. Abin da nake fara ce musu shi ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tausayi ya yi nasa aikin, amma tattakin da kake gani a hoto shi ne abu na ƙarshe da ake fito da shi bainar jama'a, bayan an daɗe ana tara kuɗi, ana horar da matasa, lauyoyi suna kotu, 'yan kasuwa suna kukan rashin ciniki. A garuruwan da aka rasa waɗannan, an yi tattakin har an gaji, ba a samu komai ba.

Yadda aka ɗaure su tun farko

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka haramta bauta. Gyaran kundin tsarin mulki na 1868 ya mai da 'yantattun bayi 'yan ƙasa, na 1870 kuma ya hana a tauye wa namiji ƙuri'a saboda launinsa. Wato a takarda an gama komai tun lokacin. Amma da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin Kudu a 1877, tsofaffin iyayen gijin suka dawo kan mulki, suka shiga ƙirƙiro dokokin da ake kira Jim Crow. Makaranta daban, asibiti daban, famfon shan ruwa daban, har maƙabarta. A 1896 Kotun Ƙoli ta sa wa abin albarka a shari'ar Plessy, ta ce rabuwa ba laifi ba ce muddin an yi daidai-wa-daida, alhali kowa ya san ba a taɓa yin daidai ɗin ba.

Ƙuri'a kuwa da dabara aka ƙwace ta. Dokar ba za ta ambaci launi ba, sai dai ta ce sai ka biya harajin zaɓe, sai ka ci jarrabawar karatu. A Misisipi magatakarda zai buɗe kundin tsarin mulkin jihar, ya zaɓi sashen da ya ga dama, ya ce ka fassara, kuma shi ne alƙalin ko ka ci. A Luwiziyana baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe sun kai wajen 130,000 a 1896, zuwa 1904 suka koma dubu ɗaya da 'yan ɗari. Wanda ya nace sai ya yi rajista, a buga sunansa a jarida, mai gona ya kore shi, banki ya hana shi bashi, in bai ji ba 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, su ziyarce shi da dare.

Kuma kada ka ɗauka a zamanin King aka fara motsi. An kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, tun 1909. A 1917 mutum kusan 10,000 suka yi jerin gwano shiru, ba waƙa ba kirari, a birnin New York saboda kisan gillar da aka yi wa baƙaƙe a East St. Louis. A 1941 shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, A. Philip Randolph, ya yi barazanar cika Washinton da jama'a, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin hana wariya a masana'antun kayan yaƙi, aka fasa tattakin. Ka lura da wannan, tattakin da ba a ma yi ba ya biya buƙata, domin shugaban ya san Randolph yana da mutanen da zai iya fito da su.

Montgomery: kwana 381 ba a hau bas ba

A nan nake so mu ɗan zauna, domin duk wanda ya fahimci abin da ya faru a Montgomery, babban birnin jihar Alabama, ya fahimci sauran. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wata tela ce ta gaji, ta ƙi tashi daga kujerar bas don Bature ya zauna ranar 1 ga Disamba 1955, shi ke nan gari ya tashi. Ita kanta Rosa Parks ta musa wannan, ta ce ba gajiyar jiki ba ce. Tun 1943 ita ce sakatariyar reshen NAACP na garin, ita ke rubuta bayanan matan da aka ci wa zarafi da mutanen da aka hana rajista. Wata tara kafin nata, an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan laifi iri ɗaya, shugabannin suka duba suka ga ba da ita za su shiga wannan yaƙi ba. Dama jira ake yi. Ƙungiyar mata da malamar kwaleji Jo Ann Robinson ke jagoranta ta riga ta rubuta wa magajin gari tun 1954 tana gargaɗin za a iya ƙaurace wa motocin. Daren da aka kama Parks, Robinson ta kwana tana buga dubban takardun sanarwa da injin makaranta, gari na wayewa aka rarraba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

King a lokacin shekararsa 26, sabon fasto ne a garin, kuma ɗaya daga dalilan da suka sa aka ɗora shi a gaba shi ne bai daɗe ba balle ya tara abokan gaba. Buƙatun farko ma ba su taka kara sun karya ba: direbobi su daina wulaƙanci, wanda ya riga zama kada a tashe shi, a ɗauki baƙaƙen direbobi a unguwannin baƙaƙe. Ko soke wariyar ba su nema ba a farko. Taurin kan hukumomin gari ne ya kai maganar inda ta kai.

A aji nakan ba ɗalibai wani aiki. In ce su ɗauka su ne kwamitin, dubban masu aikatau da leburori suna buƙatar isa wurin aiki gobe da safe, ba bas, su tsara mini mako ɗaya kacal. Yawancinsu a rana ta uku suke maƙalewa, domin sai a lokacin suke tuna kuɗin mai, da gyaran taya, da wanda zai tsaya a tasha ya haɗa fasinja da mota. Mutanen Montgomery sun yi wannan fiye da shekara. Da farko baƙaƙen 'yan tasi suka riƙa ɗaukar mutane a kuɗin bas, hukuma ta ce za ta kama duk wanda ya karɓi ƙasa da farashin doka. Sai aka koma motocin masu sa kai, wajen 300, da tashoshin ɗauka da na saukewa da jadawalin lokaci. Kamfanonin inshora na gari suka janye, aka nemo inshora daga Landan. Ana taro a majami'u sau biyu a mako ana karo-karo. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna soya kaji suna gasa kek suna sayarwa, kuɗin kuma a zuba a asusu ba tare da an faɗi sunan kowa ba, don kada a kori wata daga aiki. Wasu kuma ƙafa suka taka, kilomita da yawa kullum, cikin sanyi da ruwan sama.

Me ya sa abin ya yi ciwo? Kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin bas baƙaƙe ne. Kamfani ya shiga asara, kantunan tsakiyar gari suka ji a jikinsu. Aka jefa bam gidan King a ƙarshen Janairun 1956, aka gurfanar da shugabanni kusan 90 da wata tsohuwar dokar hana ƙauracewa. Duk da haka, abin da ya yanke maganar shari'a ce. Lauya Fred Gray ya shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan mata huɗu, cikinsu har da waccan yarinya Colvin. Ranar 13 ga Nuwamba 1956, King na zaune a kotun gari inda hukuma ke neman a haramta tsarin motocin sa kai, kuma an haramta ɗin, labari ya iso cewa Kotun Ƙoli ta ce wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki. Da hukuncin ya yi jinkirin wata biyu ko uku, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. A nawa ganin ƙauracewar da shari'ar kowace ta riƙe 'yar'uwarta. Dubi hukuncin Brown na 1954 da ya haramta wariya a makarantu: shekara goma bayansa, yaran baƙaƙe da ke aji ɗaya da farare a Kudu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, domin hukunci ne da ba a samu isassun masu tilasta shi a ƙasa ba.

Haƙurin da kake gani koyonsa aka yi

Ɗalibai sukan ce mini su kam ba za su iya tsayawa a mare su su ƙyale ba. Su ma waɗancan ba da shi aka haife su ba. A Nashville, James Lawson, wanda ya zauna shekara uku a Indiya ya nazarci hanyar Gandhi, ya riƙa tara ɗalibai a coci tun 1959 suna gwaji. Wasu su zauna kamar a kantin abinci, wasu su zama fararen fata, su zage su, su busa musu hayaƙin taba, su fizgo su ƙasa. Ana koya maka yadda za ka kare kanka da hannu, da yadda za ka rufe ɗan'uwanka da jikinka. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, a ba shi wani aikin, ko tuƙi ko amsa waya. Daga wannan aji jagororin ɗalibai irin su Diane Nash da John Lewis suka fito. Don haka da ɗalibai huɗu suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, cikin 'yan makonni abin ya bazu garuruwa da dama, kuma a watan Afrilu wata gogaggiyar 'yar gwagwarmaya, Ella Baker, ta tara matasan suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu fafutukar lumana, wato SNCC.

Albany da Birmingham

In kana son hujjar cewa tattaki kaɗai ba ya isa, ga Albany ta jihar Jojiya, 1961 zuwa 1962. An yi tattaki, an kama mutum sama da dubu, King ma ya shiga kurkuku. Amma shugaban 'yan sandan garin, Laurie Pritchett, ya karanci salon nasu. Ya hana yaransa duka a gaban 'yan jarida, ya shirya da garuruwan maƙwabta aka riƙa kai musu waɗanda aka kama don kada gidan yarinsa ya cika. Da aka ɗaure King, sai aka sa wani ya biya tararsa a ɓoye aka sallame shi. Masu zanga-zangar kuma sun nemi komai a lokaci guda. King ya bar garin ba tare da wata yarjejeniya a hannu ba.

Da wannan darasi aka shiga Birmingham ta jihar Alabama a 1963, bisa gayyatar Fasto Fred Shuttlesworth, mutumin da aka riga aka tarwatsa gidansa da bam bai gudu ba. Wannan karon an zaɓi abin hari guda, wato kantunan tsakiyar gari, aka kuma zaɓi lokacin cinikin bikin Ista. An kuma san halin kwamishinan tsaron garin, Bull Connor, cewa ba ya iya riƙe fushinsa. Da manya suka fara ja da baya saboda tsoron rasa aiki, James Bevel, ɗaya daga mataimakan King, ya kawo shawarar a fito da 'yan makaranta. Ranar 2 ga Mayu aka kama ɗaruruwansu, washegari Connor ya sakar musu karnuka da mesar ruwan 'yan kwana-kwana. Hotunan da ka gani ke nan. Ranar 10 ga Mayu 'yan kasuwar garin suka amince da sulhu, wata guda bayan haka Shugaba Kennedy ya fito a talabijin ya yi alkawarin kai doka majalisa.

Maganar yaran nan har yau ba ta kwanta mini ba. Malcolm X, jagoran baƙaƙe Musulmi da bai yarda da salon lumana na King ba, ya soki abin a lokacin, yana ganin ba aikin maza ba ne su tura 'ya'yansu gaba. Dabarar ta yi aiki, ba musu. Amma a watan Satumba na shekarar aka dasa bam a cocin da yaran ke taruwa, 'yan mata huɗu suka mutu. Ni malami ne kuma uba, ban taɓa iya gaya wa ɗalibaina kai tsaye cewa da ni ne zan tura nawa ba.

Idon duniya, da rabon Afirka a ciki

Akwai wani matsi da ba a cika ambata ba, kuma ya shafe mu. Lokacin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet suna zawarcin sababbin ƙasashen Afirka da Asiya, kuma duk hoton kare yana cizon baƙar fata kyauta ce ga Mosko. A 1957 aka ƙi sayar wa ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware, sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a wanke laifin. A 1961 aka yi wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, irin wannan a Maryland, a kan hanyarsa daga New York zuwa Washinton. A Mayun 1963, daidai lokacin da hotunan Birmingham ke yawo, shugabannin Afirka suna Addis Ababa suna kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Milton Obote na Yuganda ya aika wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙar nuna ɓacin rai. King da kansa ya halarci bikin 'yancin Gana a 1957, ya zo Legas a 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Taron Washinton na 28 ga Agusta 1963 ba sai na daɗe a kansa ba tunda ka kalla. Mutum wajen 250,000 ne, Randolph ɗin nan na 1941 shi ne uban tafiya, Bayard Rustin ya tsara shi cikin kusan wata biyu, tun daga motoci da jiragen ƙasa har ruwan sha da makewayi. Sunan taron ma ayyukan yi ya fara ambata kafin 'yanci, kuma cikin buƙatun akwai mafi ƙarancin albashi na dala 2 a awa. Dokar kare haƙƙin jama'a, wadda ta haramta wariya a wuraren jama'a da wurin aiki, ba ta fito ba sai 2 ga Yuli 1964, bayan an kashe Kennedy, bayan Shugaba Johnson ya sha fama da sanatocin Kudu da suka toshe ta fiye da wata biyu.

Selma

Saura ƙuri'a. A gundumar da garin Selma na jihar Alabama yake, baƙaƙen da suka isa zaɓe sun kai wajen 15,000, masu rajista kuwa kusan kashi 2 cikin 100. Matasan SNCC da mutanen gari irin su Amelia Boynton sun yi shekaru suna kai mutane layin rajista ana koro su. A Fabrairun 1965 ɗan sandan jiha ya harbe wani matashi, Jimmie Lee Jackson, a garin Marion, shi ya sa aka yanke shawarar takawa har Montgomery, tafiyar kilomita 87. Na taɓa zuwa na taka gadar Edmund Pettus da ƙafata. Gadar tana da doro, ba ka ganin abin da ke ɗaya gefen sai ka hau tsakiyarta. A nan masu tattaki wajen 600 suka hango 'yan sanda da dawakai suna jiransu ranar 7 ga Maris, suka ci gaba da tafiya. Aka bi su da kulake da barkonon tsohuwa, aka fasa wa John Lewis kai. Da daddare gidan talabijin na ABC ya katse wani fim kan shari'ar 'yan Nazi ya nuna wa miliyoyin mutane abin da ya faru. Alƙalin tarayya Frank Johnson ya ba da izinin tattakin, shugaban ƙasa ya ba da sojoji su raka su, ranar 25 ga Maris mutum 25,000 suka isa Montgomery. Ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar karatu ta kuma ba da damar tura jami'an tarayya su yi rajista da kansu. A Misisipi rajistar baƙaƙe ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan 60 cikin shekara biyu.

Inda maganata ke da iyaka

Ka ce ba su da bindiga. A kan titi haka ne, amma a ƙauyukan Kudu gidaje da yawa da ke saukar da masu fafutuka akwai bindiga a bayan ƙofa, kuma a Luwiziyana an kafa ƙungiyar Deacons for Defense a 1964, tsofaffin sojoji da ke gadin masu tattaki. Malcolm X, bayan ya dawo daga aikin Hajji da rangadin Afirka da ya kai shi har Ibadan, ya je Selma a farkon Fabrairun 1965, ya nuna cewa gara hukuma ta saurari King tun kafin ta gamu da irinsa. Masana tarihi sun rabu kan nauyin da za a ba wannan ɓangare. Ni na fi karkata ga cewa tsoron abin da ka iya biyo baya ya taimaka wajen sa gwamnati ta saurari masu lumana, amma fahimtata ce, ta mutumin da ya karanci abin daga nesa, kuma akwai manyan masana da ke ganin an cika zuzuta shi.

Batun tausayi kuma, kada ka kai shi nesa. A 1966 binciken jin ra'ayi na Gallup ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa kallon King da idon rahama. A shekarar ce ya kai salon nasa Chicago, inda ba allon da ya ce baƙar fata kada ya shiga, sai dai dillalan gidaje da bankuna da suka san unguwar da ba za su bari ya zauna ba. Aka jefe shi da dutse a ka, ya samu yarjejeniyar da ba a cika ba. Kwana biyar kacal bayan dokar zaɓe unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wuta, mutum 34 suka mutu. Salon da ya karya dokar da ke rubuce ya kasa yin irin wannan tasiri kan talauci da matsalar muhalli. Ranar 4 ga Afrilu 1968 da aka harbe King a Memphis, yajin aikin masu kwasar shara ya je mara wa baya, mutanen da ke neman ƙarin albashi da a amince da ƙungiyarsu. Ita ma dokar zaɓen ta 1965, a 2013 Kotun Ƙoli ta soke sashen da ke fayyace jihohin da dole su nemi izinin tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓensu, kuma ƙarar daga wata gunduma ta jihar Alabama ta fito.